Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a kan maganar yaron gidana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni da maiɗakina mun daɗe muna shawarar ko a rubuta wannan ko a bari. Ita ta fi son a yi shiru, don a ganinta kunyar da muka sha ta isa. Ni kuma na ce maganar da ta riga ta zaga kasuwa da majalisa ba ta da sauran rufi, kuma akwai mutanen da ba zan iya binsu gida-gida in gode musu ba. Da ta amince sai na zaunar da ƙanena, ina faɗa yana rubutawa a wayarsa.

Ga wanda bai ji ba: ran wata Alhamis, sati bakwai ke nan, yarona ɗan shekara 22 ya kai riɗi da zoɓo kasuwar Maigatari a a-kori-kurarmu. A hanyar dawowa, tsakanin Magariba da Isha, kafin ya iso Gumel, ya daki amalanken shanu ta baya. Amalanken ya kife a kan ɗaya daga cikin shanun, dole aka yanka shi a bakin titi. Dattijon da ke kai ya karye a ƙafa. Da 'yan sanda suka zo sun tarar yaron ko tsayuwar kirki ba ya iyawa, harshensa ya yi nauyi, ga robar lemo da aka haɗa da kodin a ƙarƙashin kujera, ga sauran tiramol a aljihunsa. Ba birki ne ya tsinke ba, kamar yadda wasu masoyanmu suka riƙa faɗa don su rufa mana asiri. A cikin maye yake tuƙi. A kan haka aka kai shi kotun majistare, kuma ya amsa laifinsa.

Godiya ta tabbata ga Allah da bai sa an rasa rai ba.

Bayan Shi, babu wanda nake jin nauyinsa kamar dattijon nan. Washegari da safe na je asibiti tare da Liman, gwiwoyina a sanyaye. Babban ɗansa na tsaye a bakin ƙofa, ko sallamata bai amsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na durƙusa a gefen gadon na rasa ta inda zan fara. Shi ne ya riga ni magana: "Malam, tashi ka zauna. An kai wa yaron abinci kuwa?" Na ce an kai. Ya yi shiru can, ya ce, "Ƙafata za ta ɗoru da yardar Allah. Kai je ka nemi yadda za a ɗora naka." Ya yafe ciwon jikinsa a gaban shaidu. San kuwa ya ce ba zai yafe ba, domin rabinsa na marayun ƙaninsa ne, ba shi da ikon yin kyauta da haƙƙinsu. Wallahi wannan ta ƙara masa girma a idona fiye da yafiyar. Mun biya, har da kuɗin magani. Baba, Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ce.

Sai Liman. A daren da abin ya faru wani ya same ni a zaure ya ce ya san hanyar da robar nan za ta ɓata kafin a kai magana gaban alƙali, in dai zan motsa hannu. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta karkata, har na fara lissafin tumakin da zan sayar. Bayan Asuba na faɗa wa Liman. Bai yi mini faɗa ba. Ya karanto mini aya ta 135 a Suratun Nisa'i, inda aka umarce mu mu tsaya a kan adalci ko da a kan kanmu ne, ko iyayenmu, ko danginmu na kusa. Sannan ya tambaye ni: in robar ta ɓata, wa zai riƙe sitiyari ran Alhamis mai zuwa? Na kasa amsawa. Da na shiga gida na faɗa wa mahaifiyarsa, ta ce, "A bar shi ya kwana can." Ta juya ta tuƙa tuwo tana share hawaye da gefen zane, ta ba ƙanensa ya kai masa. Kwana uku ya yi kafin kawunsa ya tsaya masa beli.

Ni ma ina da nawa laifin. Na ga idon yaron nan yana ja. Na ga yana gyangyaɗi da rana tsaka. Na ce gajiyar hanya ce, domin yana kawo kuɗin mota cif-cif, ban so in tona abin da zai tsayar da motar. A watan Mayun 2018 da gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin na ji a rediyo, na ɗauka matsalar 'yan birni ce. Tiramol kuwa nan ƙauye kowa ya san 'yan ƙwadago na sha don kada su ji gajiyar noma, har mun daina ganinta a matsayin kayan maye. Wani ma'aikacin asibiti, Allah Ya saka masa, shi ya zaunar da ni ya ce su biyun dangi ɗaya ne, barci suke saukarwa su kashe jiki, in aka haɗa su kuma abin ya ninka. Ido zai ga abu a gaba, amma kafin ƙafa ta kai kan birki an riga an isa. Balle amalanke da ba shi da fitila, ga duhu.

Ina godiya ga direbobin da suka tsaya suka ɗauki dattijon zuwa asibiti ba su nemi ko sisi ba, da mahaucin da ya sayar da naman a daren aka rage asara. Dagaci da Mai Unguwa sun yi ta zirga-zirga tsakanin gidajen biyu har aka zauna a tabarma ɗaya. Matan unguwa ba su bar maiɗakina ita kaɗai ba ko yini guda. Samarin garinmu sun yi gayya suka yanke wa dattijon geronsa suka ɗaure, yarona na cikinsu, kansa a sunkuye tun safe har yamma.

Alƙali ya ci shi tara, an kuma hana shi tuƙi na wani lokaci. Ban roƙi sassauci ba. Mun kai shi wurin masu ba da shawara na hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Dutse, kuma sun gaya mana tun farko cewa kwanakin farko na dainawa za su yi tsanani. Haka aka yi: gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa, ba barci. Ɗan fari ne, uwarsa ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba saboda kunya, amma a dararen nan na ga ta zauna a bakin tabarmarsa da tsumma da ruwa a ƙwarya har kiran sallah. Ke ma na gode miki.

Ban ce ya warke ba. Muna dai tafiya a hankali, kuma muna neman addu'arku. Makullin mota yana hannun kawunsa. Kullum da safe yaron na hawa keke ya je ya ba san da ya rage harawa, ya ɗebo wa gidan dattijon ruwa. Ran Asabar za a cire wa Baba filasta, ni zan kai shi da kaina in Allah Ya yarda.