Aikin dare a bakin iyakar Faransa da Suwizalan

Cikin Nuwamba na sauka Janiba, a ƙasar Suwizalan. Ƙarfe biyar na yamma ba ta gama cika ba duhu ya rufe gari, ni kuwa ga ni da 'yar rigar sanyin da ba ta hana komai. Na hau jirgin titi mai lamba 18 har ƙarshen layinsa, inda CERN take, wato cibiyar Turai ta binciken ƙananan ƙwayoyin da komai ya ginu da su.

Masauki ne ya fara gasa mini gyaɗa a hannu. Hayar Janiba ta fi ƙarfin ɗalibi, sai na nemi ɗaki a Saint-Genis-Pouilly, ɓangaren Faransa, kamar yadda abokan aiki da dama suke yi. Mai gida ya ce sai na kawo asusun banki, banki ya ce sai na kawo shaidar adireshi. Na sha kai-komo kafin abin ya daidaita. Yanzu da kuɗin yuro nake biyan haya, da faran na Suwizalan nake cin abincin rana, kullum ina tsallaka iyaka a kan keke ba mai tambaya ta fasfo.

Gonakin da nake ratsawa, a ƙarƙashinsu wajen mita 100 akwai rami mai zagayen kilomita 27. A ciki ake koro furoton, wato ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar ƙwayar zarra, da gudun da ya kusa na haske, maganaɗisun da aka sanyaya zuwa digiri 271 ƙasa da sifili na lanƙwasa musu hanya har su yi karo. Ƙwaya mai nauyi ba ta samuwa sai an tara makamashi mai yawa a wuri guda, kamar yadda wannan karo ke yi, kuma da ta fito take wargajewa. Ba wanda ya taɓa ganinta. Tarkacen da ta bari muke bi, kamar mai bin sawun ɓarawo. Haka aka gano ƙwayar Higgs, wadda aka sanar ranar 4 ga Yulin 2012, mai nauyin da ya ninka na furoton sau fiye da 130.

Mu sababbin ƙwayoyin da suka fi ta nauyi muke farauta. Ina aikin dare a ɗakin sa ido na ATLAS, na'urar bin tarkacen karon da ta kai tan 7,000, inda tarin furoton ke giftawar juna sau miliyan 40 a daƙiƙa guda, kwamfuta na zubar da bayanan kusan duka ta ajiye 'yan kaɗan. Wani lokaci ɗan tudu mai kama da alamar sabuwar ƙwaya ya ɓullo a jadawali, zuciya ta buga, da bayanai sun ƙaru ya baje. Sai mu rubuta cewa a wannan nauyin dai babu ta, a matsa gaba. Da farko abin na ci mini rai. Yanzu na ga ko shi ma sakamako ne.

Ranar Juma'a bayan na fito masallacin Petit-Saconnex na kira Inna.

"Har yanzu ba ku ga abin naku ba?"

"Da saura, Inna."

"To Allah ya bayyana shi. Ka dai sayi rigar sanyi ta kirki?"

Na ce mata na saya, har da safar hannu.