Wannan 150 ɗin na wane silikon ne?

Mako uku na shafe ina lissafi a ɗakin da na kama haya a Samaru, Zariya, kafin na kai wa malamin da ke duba aikina na digiri na biyu. Aikin a kan yadda zafi ke ratsa wata siririyar wayar silikon ne (sinadarin da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi), mai kaurin nanomita 50, wadda silin gashin kai ya ninka ta sau dubu ko fiye. Na ɗauko ƙa'idar da Bafaranshen nan Fourier ya wallafa a 1822, na duba jadawalin bayan littafi, na ga ƙarfin silikon wajen wucewa da zafi ya kai kusan wat 150 a kowace mita da kowane digiri na zafi. Na zuba lambar, lissafi ya fita tsaf.

Malam ya duba, ya aza yatsa a kan lambar ya ce, "Wannan 150 ɗin na wane silikon ne?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai silikon ɗaya ne."

Ya ce, "Je ka ka karanta, ka dawo ranar Litinin."

Ashe lambar ta dunƙulallen silikon ce, wanda mutum zai iya riƙewa a hannu. A jan ƙarfe, ilektiron, wato 'yan ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki, su ne ke ɗaukar zafi. A silikon kuwa girgizar ƙwayoyin zarra ce ke kai shi daga wuri zuwa wuri, ita ake kira fonon. Kowane fonon yakan yi 'yar tafiya kafin ya ci karo da wani abu ya sauya hanya, kuma kusan rabin zafin yana hannun waɗanda ke wuce nanomita 1,000 ba su yi karo ba. To ina mai irin wannan dogon taku zai miƙe ƙafa a cikin waya mai nanomita 50? Da ya motsa sai bango. Casimir, ɗan ƙasar Holan, ya yi bayanin wannan karo da bango tun 1938, ni kuwa ban taɓa jin sunansa ba.

Abin bai zauna mini ba sai ran da na shiga cikin birni ta Ƙofar Doka zuwa gaisuwa. A kan titin Kaduna mota ba ta haɗa hanya da mai ƙafa. Amma a lungu, inda kwana ke bin kwana, mota sai rarrafe, yarinya mai tallar ƙosai da dama can tana tsayawa ƙofa-ƙofa ba ta rasa komai ba. Fonon shi ne motar. Ilektiron, a silikon da aka yi wa gauraye don ya ɗauki lantarki, gajeren taku gare shi, lungun bai cika damunsa ba.

Wannan bambanci ake nema wajen mayar da zafi lantarki. A 2008 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley suka wallafa a mujallar Nature cewa sun yi wayoyin silikon masu kaushin jiki, lambar nan ta 150 ta faɗo zuwa wajen 1.6, kusa da ta gilashi, lantarki kuma bai daina bi ba. Tun 1821 Seebeck ya gano cewa idan gefe ɗaya na abu ya yi zafi, ɗayan da sanyi, ana samun lantarki, matuƙar zafin bai yi saurin tsallakawa ya daidaita su ba. Kumbunan Voyager da Amurka ta harba a 1977 ta haka suke samun wuta, da haɗin silikon da jamaniyam. Ma'aunin ingancin silikon zalla a wannan aiki bai wuce 0.01 ba, wayoyin nan suka kai shi kusan 0.6. Duk lokacin da na wuce janaretocin Sabon Gari ina jin hucin salansa a ƙafata, raina yakan sosu da zafin da ke tashi a banza, ga shi silikon daga yashi ake samo shi.

Sai dai abin da ya zama alheri a nan, shi ne ciwon kan masu ƙera ƙwaƙwalwar wayar salula. Taranzistocin yanzu, wato 'yan mitsitsin makunnan lantarki da ke cikinta, faɗinsu 'yan nanomitoci ne, zafin da suke haifarwa yana maƙalewa a cikinsu saboda wannan dalili dai. Yana daga cikin abin da ke sa wayar salula ta yi jau a hannu a watan Afrilu.

Ranar Litinin na koma da sabon lissafi, na sa girman wayar a ciki. Malam ya karanta har ƙarshe, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "To, bangon wayar taka sumul yake ko mai kaushi?" Amsar wannan tambaya ce ta zama babi na uku na kundina, ta kuma ci mini wata huɗu.