Abin da dutin dare ya koya min kan tsoho in ya faɗi

Shekarata ta farko a aikin kula da tsofaffi abu ɗaya na iya in wani ya faɗi, in ɗauki waya in kira motar asibiti. Haka na tarar kowa na yi, kar ki taɓa, kar ki ɗaga, kira kawai ki rubuta a fayil. Ni kuma gaskiya abin daɗi ya min, nauyi ya sauka daga kaina, in wani abu ya biyo baya ai na kira.

Wata tsohuwa ce ta fara sa na dawo hayyacina. Ta haura tamanin, wajen ƙarfe biyu na dare ta tashi za ta banɗaki sai ta sulale daga bakin gado ta zauna daɓas a ƙasa. Kanta bai bugu ba, a idona aka yi don ina bakin ƙofa. Tana ta cewa "'yata kama ni in tashi, ba abin da ya same ni", ni ko nace "Mama yi haƙuri, doka ce, sai sun zo". Mai amsa waya ya jero min tambayoyi, numfashinta fa, akwai jini, tana gane mutane, duk nace lafiya lau, sai ya sa mu can ƙarshen layi kuma da gaskiyarsa, wanda zuciyarsa ta tsaya ai shi ne a gaba. Sai da gari ya kusa wayewa suka iso. Kusan awa huɗu tana kan tayil mai sanyi, fitsari ya kubce mata, kunya ta hana ta haɗa ido da ni. Minti goma suka duba ta suka ɗora ta a kujera. Macen cikinsu ta ja ni gefe, ba da faɗa ba, tace "'yar'uwa, faɗuwar ba ta mata komai ba, kwanciyar nan ce ta kusa yi mata illa".

Sai bayan nan na san cewa tsoho in ya wuce awa ɗaya a ƙasa likitoci matsala ce ta daban suke ɗaukarta. Sanyi ya shige shi, ruwan jiki ya ragu, fata ta fara gyambo a inda ƙashi ya danne, tsokar da aka kwanta a kanta ta fara lalacewa, abin da ke fita daga cikinta ya bi jini ya je ya taɓa ƙoda, wani har nimoniya. Ga tsoro, wanda shi ba a ganinsa a gwaji. Maman nan ta yi makonni ba ta yarda ta taka ba sai an riƙe ta, kuma rashin takawar ne ke ƙara kashe ƙafa.

Mu masu kula ba don mugunta muke kiran nan ba fa. Wata bayanta ke ciwo, wata ita kaɗai ce a duti da mutum goma sha, wata tsoron dangi take kar a ce ita ta karya musu uwa, wani wajen kuma manaja ne ya kafa dokar ba ma ɗagawa don kare kansa. Amma duk da haka motar nan ba ta ɗaga mutane ba ce, ita ce dai wadda mai shanyewar ɓarin jiki yake jira a wani gidan ana ƙirga masa mintoci. Abin da ya fi ci min rai masu ƙara gishiri a waya, a ce "tana ciwon ƙirji" alhali ƙarya ce, don kawai a zo da wuri. Na taɓa ji da kunnena kuma na yi shiru, har yau ina jin kunyar shirun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 65 suna faɗuwa duk shekara, to ku faɗa min ƙasar da ke da motocin da za su je kan kowace faɗuwa.

Sai kuma na zarce, na koma ganin ni gwana ce. Wani dattijo ya faɗi a falo, goshinsa ya ɗan yi ja, yana dariya yana cewa ƙalau yake, na taimaka masa ya tashi na rubuta layi biyu na wuce. Ban buɗe takardar magungunansa ba. Da safe nas ta karanta ta ɗago kai tace "kin san warfarin yake sha?" Cikina ya ɗuri ruwa wallahi. Maganin tsinka jini ne, mai shansa in ya bugu a kai ko ba rauni a waje jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali, wani sai bayan kwanaki ko ma makonni a ga yana yawan barci yana ruɗewa. Aka kai shi hoton kai, Allah ya rufa asiri ba komai. Faɗuwa fa tana kisa, hukumar nan dai ta ƙiyasta mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura sittin su suka fi yawa a ciki. Wannan karon kiran da na ƙi yi shi ne ya wajaba.

Yanzu in na tarar da mutum a ƙasa durƙusawa nake kusa da shi in yi magana da shi tukun. In duba ko ya suma ko da na ɗan lokaci ne, kansa ya bugu, wuya ko baya na ciwo, baki ya karkace, magana ta sarƙe, ƙirji, numfashi. In kalli ƙafafu, in ɗaya ta fi gajarta kuma ta juya waje ga ciwo a matsematsi, to ƙugu ne ya karye, ba mai motsa shi. Ko ɗaya na gani kira nake ba shawara, haka ma in ba wanda ya ga faɗuwar shi kuma ba zai iya ba da labari ba. Muna jira in lulluɓe shi, in zauna da shi, in wani abu ya canza in sake kira.

In ko duk babu, shi zai tashi da kansa ni jagora ce kawai. Ya mirgina gefe ya huta, ya hau gwiwa da hannu, ya dafa kujera mai ƙarfi, ya kafa ƙafa ɗaya, in turo kujera ta biyu ta bayansa ya zauna. Ja ta hammata kam na daina, kafaɗar tsoho ba ta da wuyar gocewa, bayana ma ɗaya ne. In ya kasa akwai matashin da ake hura wa iska ya ɗaga mutum hawa hawa, duk inda ake ajiye tsofaffi ya kamata a ce akwai shi kuma an yi wa ma'aikata tirenin a kai, ba a bar shi a sito yana shan ƙura ba.

Ɓangaren da muka fi sakaci shi ne tambayar me ya kayar da shi. Jini ne ke sauka in ya miƙe, maganin barci ne, ciwon fitsari ne ya ruɗa shi, ko silifa ce ta saki. Ita Maman farko da muka zauna da nas muka bi fayil ɗinta, faɗuwarta uku duk tsakar dare ne a hanyar banɗaki, ashe maganin rage ruwan jiki, mai sa yawan fitsari, da yamma ake ba ta. Likita ya mayar da shi safe, muka bar mata fitila a kunne a hanyar.