Sunan kakata, a gaba ko a tsakiya: wasiƙa daga Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina fata kuna lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari. Daga Ingila nake rubuto muku, da cikin wata takwas, kuma an duba an ce mace ce, in Allah Ya yarda. Mako uku ke nan akwai wata takarda manne a jikin firjinmu. Sunayen mata ne jere a kanta, wasu an soke, wasu an ja musu layi biyu. Ni da maigida mun daidaita a kan cewa sunan kakata Hauwa'u zai shiga. Inda muka rabu shi ne gurbin da zai zauna.

A nan yawancin yara suna tashi da suna uku a takarda: na kira, na tsakiya, sai na iyali. Doka ba ta tilasta na tsakiyar ba, amma iyaye ƙalilan ne ke barin gurbin a wofi. A Ingila da Wales kwana 42 ake ba iyaye su yi wa jariri rajista, a Scotland kuwa kwana 21. Ra'ayin maigida shi ne a sa sunan zamani a gaba, gajere, wanda malamar makaranta za ta furta ba gargada, a ajiye Hauwa'u a tsakiya don kada ya ɓace. Na fahimce shi, kuma na san tausayin yarinyar ne ya sa. Sai dai na daɗe a ƙasar nan har na ga yadda sunan tsakiya ke rayuwa. Ana jin sa ranar rajista, da ranar karɓar shaidar kammala karatu, da ranar da uwa ta fusata ta jero sunan 'yarta gaba ɗaya. Sauran kwanaki ya zama harafi ɗaya a jikin katin banki. Ina da abokan aiki da muka shekara biyar tare, ban san sunan tsakiyar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa, a filin wasan yara na gan shi. Ina zaune a benci ina huta ƙafafuna da suka kumbura, sai na ji wata tana ƙwala kira, "Florence! Elsie!" Na waiga ina zaton zan ga tsofaffi masu dogara sanda. Sai ga 'yan mata biyu, babbar ba ta wuce shekara huɗu ba, sun sheƙo a guje da takalman ruwa, taɓo har gwiwa. A ƙididdigar hukumar alƙaluma ta ƙasar, Florence ne suna na biyu a farin jini a 1904, bayan Mary, kuma Elsie yana cikin goman farko. Daga baya suka dushe, har suka zama sunayen da in an ambata sai a tuna tsofaffi. A 2021 Florence ya dawo cikin goman farko, ya tarar da Ivy, a jerin da Olivia ya riƙe kansa tun 2016.

Ba duka ne suka dawo ba. Doris, wanda shi ne na uku a 1904, har yanzu ba kasafai ake jin sa a bakin masu jego ba. Susan, da ya riƙe kambun a 1954 da 1964, yana nan yana jiran lokacinsa. Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta warware mini abin muna shan iska a bakin ƙofa. Ta ce sunan da ke kan mamarki da ƙawayenta shi ne kike ji ya tsufa, domin kin san fuskokin masu shi. Na kakar kaka kuwa ba ki san kowa da shi ba, sai ya zo miki sabo fil. Ita an haife ta a shekarun da Margaret ke kan gaba, ta ce a ajinsu su huɗu ke amsa shi.

Maganarta ta tsaya mini a rai, don na tuna yadda muke yi da namu. Kakata ba wanda ke ce mata Hauwa'u, Kulu ake kiranta. Da na ambata wa wata ƙawata cewa haka nake son a riƙa kiran 'yata, sai ta ce, "Haba ke kuwa, Kulu kuma? A Turai?" Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Dije, Indo, Mairo, Abu, Binta, Kulu: waɗannan fa Hadiza ce da A'isha da Maryam da Zainab da Fatima da Hauwa'u, harshenmu ya tauna su ya laushe su har suka zama namu. Matan da suka amsa su ne suka goya mu. Ban ga dalilin da zai sa Baturiya ta tono sunan kakar kakarta ta raɗa wa 'yarta da alfahari, mu kuma mu riƙa jin kunyar namu ba.

Shi laƙabi ba ya bin umarnin iyaye, wannan na yarda. Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wadda aka haifa a 1926, cikakken sunanta Elizabeth Alexandra Mary, amma a cikin gida Lilibet ake ce mata, saboda haka bakinta ya iya furta sunan tana ƙarama. A 2021 jikanta Harry ya ɗauki wannan laƙabin ya mai da shi sunan 'yarsa na takarda. Margaret ma a bakin Turawa yakan zama Maggie, ya zama Meg, har ya kai Peggy, kamar yadda mai jin A'isha ba zai taɓa zaton Indo daga nan ta fito ba. Saboda haka duk sunan da ya hau takardar firji, sai na gutsure shi ta kowane gefe na ji me zai saura a bakin yara, a Hausa da kuma Turanci. A nan ne Nana ya faɗi. Ina son sa matuƙa, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usman ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864 tana rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta isa a yi wa yarinya fatan gadonta. Amma a Ingila "Nana" shi ne abin da yara da yawa ke kiran kakarsu. Na hango 'yar shekara biyar ana kiran ta haka a tsakiyar aji, sai na soke shi da hannuna.

Haɗa suna biyu kuwa mun daɗe da sanin sa. Fatima Zahra, A'isha Humaira, Khadijatul Kubra, Halimatu Sadiya, Rabi'atul Adawiyya, duk tafe suke biyu-biyu, na biyun yana ƙara wa na farko haske, domin daga mai sunan ta asali ya fito: Sadiya daga ƙabilar Banu Sa'ad ta Halima, Adawiyya daga dangin Rabi'a ta Basra. Turawa kunne suke bi. In na farko dogo ne sai su bi shi da mai gaɓa ɗaya, shi ya sa Rose da Grace da May suka cika gurbin tsakiya. Na gwada nasu salon da namu sunayen, na ga yana aiki. Sa'adatu Bilkisu ya yi nauyi, numfashi na ƙarewa kafin a kai sunan iyali. Hauwa'u Amina kuwa wasulan suna karo, ƙarshen na farko yana haɗiye farkon na biyu. Hauwa'u Jidda ya zauna daram, kuma dama tare aka san su.

Sai 'yar alamar nan da ke rataye tsakanin a da u a sunan Hauwa'u. Ƙarama ce, amma kwamfutoci da yawa ba sa karɓar ta, kuma a layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa ba a sa ta sam. Na sha fama da haka a sunana: takarda ɗaya da alama, ɗaya babu, sai an yi ta bayani a gaban kanta. Don haka na sassauta a nan. In an rubuta Hauwa kawai ban yi asarar komai ba, bakinmu zai cike sauran. Da na gaya wa ungozoma cewa ita ce Eve a Turanci, sai fuskarta ta washe, ta maimaita sunan sau biyu har ta kama shi.

Har yanzu maigida bai ce ya yarda ba, ni ma ban matsa ba. Amma daren jiya ina kwance na ji shi a kicin shi kaɗai, yana tsaye gaban firjin yana gwada sunayen a hankali, kamar mai kiran yarinya daga ɗaya ɗakin. Ya ce Hauwa Jidda, ya yi shiru. Can kuma ya ce Kulu, ya sake cewa Kulu. Da safe na duba takardar, na tarar ya ja wa sunan layi na uku.

Ku sa mu a addu'a Allah Ya sauke ni lafiya. A gaida kowa da kowa.

Taku,
'yar uwarku a Ingila