Sau Biyu Na Sayi Sifikar Ƙofar Gaba Kafin Kunnena Ya Huta

Duk ranar Juma'a in an sauko daga masallaci nakan kama hanyar Daura daga Katsina, in je in gaida Hajiya, in dawo ranar Lahadi da yamma. Tafiyar kusan kilomita 80 ce ta Mashi, kuma ba ni da abokin hira sai rediyo. Motar Corolla ce ƙirar 2006, ta ga jiya ta ga yau. Tun bara sifikar ƙofar direba ta fara wani ƙugi kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani. Na yi ta haƙuri har watan azumi ya kama, sai ga ni ina bin tafsiri da hasashe, malam ya ja aya in ji rabi in cike rabi da ka.

Da aka cire murfin ƙofar sai ga dalili a fili. Bakin sifikar takarda ne, kuma wani soso mai laushi ne ya zagaye shi, shi ke riƙe shi yana shiga yana fita. Zafin bazara na shekara da shekaru, ga ƙurar hunturu, sun mayar da soson gari. Taɓawa kawai na yi ya zube a yatsana.

Kuskurena na farko shi ne tafiya shago ni kaɗai ina jin na san kan abu. Yaron shagon ya sauko da wani kwali an zabga masa 600W da jan rubutu, ya ɗora mani sifikar a tafin hannu ya ce, "Alhaji, ɗaga ka ji nauyi. Wannan in ka kunna ta a Ƙofar Ƙaura sai an ji a Ƙofar Guga." Na biya ko tayi ban yi sosai ba. Wani yaro mai koyon wayarin ya ɗaura mani su cikin rabin awa. Ƙugin ya tafi, gaskiya. Amma sai da na murɗa rediyon kusan ƙarshe kafin in ji abin da tsohuwar ke ba ni a rabi, kuma duma, wato kakkauran sautin nan na ƙasa-ƙasa, ta ɓace ɗungurungum. Kiɗan ganga ya koma kamar ana buga murfin tukunya.

Mako biyu ina cin wannan baƙin ciki, sannan wani abokin aiki ya raka ni wurin wani dattijon rewaya da ya daɗe yana aikin rediyon mota. Ko kwalin da na zo da shi bai kalla ba. Ya zauna a kujerar direba, ya kunna, ya karkatar da sautin gaba ɗaya zuwa hagu, sai ga duma ta ɗan dawo. Ya mayar tsakiya, ta sake ɓacewa. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, sifikunka faɗa suke da juna. Wagga na turawa, waccan na ja."

Yaron da ya ɗaura su ya juya wayoyin ɗaya ƙofar ne, ya sa mai alamar ƙari a gurbin mai alamar ragi. Idan haka ta faru, lokacin da bakin sifikar hagu ke fitowa na dama komawa yake yi, sai sautin ƙasa-ƙasa ya cinye juna kafin ya iso kunne. Dattijon ya ɗauko ƙaramin batirin tocila mai 1.5V ya taɓa wa kowace sifika: in kan batirin yana kan wayar ƙari, bakin sifikar waje zai motso. Nan take muka ga wadda ta juya baya. Ya dai gargaɗe ni kada in kuskura in yi wa ƙaramar sifikar nan ta siririn sauti, tuwita, wannan gwajin, don wayar cikinta ba ta da ƙwari.

Gyara waya ya maido da duma, amma ƙarfin sautin yana nan yadda yake. A nan ne aka yi mani karatun da na fi amfana da shi. Sifika ba ta samar da wuta, karɓa take yi. Lambar da aka zabga a kwali tana nufin abin da za ta iya jurewa na ɗan ƙiftawar ido, in ma ba ƙarya aka shirga ba. Lambar da ake aiki da ita ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato wutar da za ta iya ɗauka tana aiki ba tsayawa, galibi da ƙananan haruffa a bayan kwali. Shi ma rediyon haka ne: a fuskar nawa an rubuta 50W x 4, wato wat 50 ga kowace cikin sifiku huɗu, amma abin da irin waɗannan rediyo ke bayarwa tsafta-tsafta bai cika wuce wat 20 ga kowace sifika ba. Ni kuwa na je na kinkimo sifika mai taurin baki wadda aka yi don amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sifika wuta. Ɗan maraƙi na ɗaura wa garmar bijimai.

Ga mai amfani da rediyo zalla, lambar da ya kamata ya nema ita ce mai dB, wadda ke nuna yawan sautin da sifika ke fitarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Kowane ƙarin 3 dB daidai yake da ninka wutar sau biyu. Wato mai 91 dB a kan wat 20 za ta yi ƙarar mai 88 dB a kan wat 40. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka kuwa, sai an ƙara wajen 10 dB, ma'ana wuta ninki goma. Shi ya sa mutum zai kashe kuɗi ya tashi daga wat 20 zuwa 30 ya yi ta kasa kunne bai ji bambancin kirki ba. Akwai ma wani ɗan wayo a nan: wasu kamfanoni da 2.83V suke aunawa, wanda a sifika mai 4 ohm (ma'aunin yadda take turje wa wuta) wat biyu ke nan, ba ɗaya ba, sai lambarsu ta fito da ƙarin 3 dB na banza. In za a kwatanta biyu, a duba ko da mudu ɗaya aka auna su.

Karo na biyu tare da dattijon muka je sayen sifikar. Muka ɗauko masu inci 6.5, 4 ohm, marasa nauyin baki, irin waɗanda tuwitarsu ke zuwa daban tare da ɗan akwatin da ke raba sauti, ya tura siririn sama, kakkauran ƙofa. Kwalinsu ba shi da wani kwarmato.

Aikin ɗaurawa ya cinye mana yini guda, kuma rabinsa a kan ƙofar aka yi shi, ba a kan sifikar ba. Ta asali da ribit aka kafe ta a jikin ƙarfe, sai an huda an fitar. Yaron farko da ya fitar da su sai ya ɗaure sabuwar da sukurori biyu, ya bar rata a gefe wadda yatsa zai shiga. Dattijon ya zura yatsan nasa ya ce, "Ka ga nan? Ƙofar ita ce akwatin sifika. Ka taɓa ganin ganga mai huji tana tashi?" Sautin da ke fita ta bayan sifika kishiyar na gabanta ne, in suka haɗu ta wannan rata sai su kashe juna. Muka sa zoben roba mai kauri da ya zauna daram a ramin, aka liƙa soso a tsakani. Na so a yanko na katako don arha, ya hana. Ruwan damina yana gangarawa ta gefen gilashi zuwa cikin ƙofa, katakon gari kuwa da ya sha ruwa ya kumbura ke nan. Kafin a ɗaure sai da ya sauke gilashin har ƙasa ya tabbatar bai gogi mayen ƙarfen da ke bayan sifikar ba.

Sai ya manna faifan roba mai danƙo da bangon alminiyom a jikin ƙarfen ƙofar, musamman bayan sifika. Ba ko'ina ba, inda ya ƙwanƙwasa ya ji yana amsawa kamar garwa kawai. Ya ce a guji mai kwalta, don a zafinmu narkewa yake ya cika mota da wari. Ledar nan da kamfani ke liƙawa a cikin ƙofa, wadda yara kan yage su yar, ya mayar da ita wurinta, ita ke hana danshi isa ga murfin.

Tuwitocin aka kafa su a kusurwar madubin gefe. Bambancin da wannan ya kawo shi ya fi ba ni mamaki. Da, muryar mai labarai daga wajen gwiwata take tasowa, ƙafata ma tana tare ta. Yanzu sai ka ce yana zaune a kan dashbod. Harufa irin su "sa" da "tsa" da "sha" suka fito tas, kalangu ya rabu da ganga, kowa da muryarsa.

Ƙarshen aikin a jikin rediyo aka yi shi. Ni mutum ne mai ƙure duma da danna maɓallin ƙarin ƙara, ya mayar da su duka sifili. Ya kunna matatar da ke tare sautin da ya yi ƙasa da 80Hz, ya ce sifikar ƙofa ba ta iya fitar da shi da kyau, wahala kawai take sha tana girgiza. Sannan ya yi ta murɗawa a hankali har inda sautin ya fara kaushi, wajen kashi uku cikin huɗu, ya ce in haddace lambar. Daga nan rediyon ya ƙure ƙarfinsa, yana aiko da gurɓatacciyar wuta, kuma ita ce ke ƙona tuwita ko da an rubuta mata wat ɗari.

Amfilifaya ban sa ba tukuna. In na sauke gilashi a kan titin Mashi iska tana rinjayar sautin, kuma ya gaya mani maganin wannan sai ƙarin wuta, da waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla da fis kusa da batir. Da gilashi a rufe dai rabin murɗawa ya ishe ni. Sifikun baya har yanzu tsofaffin ne, na karkatar da sautin gaba don kada su ɓata mani aiki, yara na ta ƙorafin ba sa ji. Masu 600W ɗin kuwa suna shagon askin ƙanena a Daura, ya haɗa su da wata tsohuwar amfilifaya, har maƙwabta sun fara kai ƙararsa wurin Hajiya.