Alhamis: mun fito da 'yar tsanar gwaji

Hazo ya sauko tun asuba, har sai da ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni daga Ali Ɗan Sofo ya kunna fitila. Jakar 'yar tsanar gwaji mai siffar jariri tana bisa cinyata, wadda na aro jiya. Babban mutum-mutumin, mai ƙirji da kai, direban ambulas ne ya kawo mana shi asibiti tun daren jiya. Litinin za a maida su duka biyun.

Tun kafin damina aka kira wasu daga cikinmu horo kan farfaɗo da wanda numfashinsa ko zuciyarsa ta tsaya. Kowa ya ci jarrabawa, kowa ya dawo da takardar shaida, wata ma ta sa tata cikin gilashi. Sai damina ta shigo da zazzaɓin cizon sauro, yara suka cika ɗaki har bisa tabarmi, babu wanda ya sake waiwayar maganar. Da aiki ya ɗan lafa na roƙi Majo, shugaban asibitinmu, ya bar ni in gwada mutane, ba tare da an faɗa musu tun da wuri ba. Ya ce, "Hajiya, ke dai kada ki kunyata mini ma'aikata." Na ce masa ba kunyatawa nake nufi ba, so nake mu ga inda muke.

Da muka gama karɓar aiki daga masu kwanan dare, na shimfiɗa mutum-mutumin a ƙasa na ce, ga mutum ya faɗi, bismilla.

Da baki kowa ya iya. Na tambayi adadin danna ƙirji, suka haɗa baki: 30, sannan hurawa 2. Sauri fa? Tsakanin 100 da 120 a minti. Zurfi? Santimita 5 zuwa 6. Babu wanda ya yi tuntuɓe. Amma da wani ƙanenmu ya durƙusa, yaro mai ƙwazo wanda ya fi kowa maki a wancan horon, sai na ga gwiwar hannunsa a lanƙwashe, kafaɗunsa suna baya maimakon su tsaya daidai saman ƙirjin. Tafin hannunsa ya zame ƙasa, kusa da bakin ciki. Yana dannawa da ƙarfin damtse kawai, ƙirjin robar ko rabin abin da ake so bai nutsa ba, kuma ba ya barinsa ya taso kafin ya sake dannawa. Wannan tasowar ita ke ba zuciya damar cika da jini. In ba ta cika ba, me za ka tura? Kafin minti guda ya cika ya fara haki, saurin ya ragu. Babu kuma wanda ya matso ya karɓe shi, alhali an koya mana a riƙa sauya hannu duk minti 2. Wata ta tsaya neman bugun jini a wuya har na gaji da kallon agogo, abin da bai kamata ya wuce daƙiƙa 10 ba.

Na ce masa, "Ƙanena, miƙe hannunka, ka bar nauyin jikinka ya yi aikin." Ya gyara, nan take ƙirjin ya nutsa yadda ya kamata. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Wallahi Yaya na san haka ne." Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Sani yana nan a kansa, hannun ne ya saki.

Abin nan sak hadda ne. Ɗalibin da ya haddace izu goma, in ya bar tilawa wata shida, zai iya gaya maka sunan kowace sura, amma ka ja masa baƙi ka ji inda zai tsaya. Masu bincike sun daɗe da ganin haka: ƙwarewar hannu a wannan aiki tana fara zubewa cikin wata 3 zuwa 6 bayan horo, tun ilmin da ke kai bai gusa ba. Ga shi kuma a ƙasashe da dama sai bayan shekara 2 ake sabunta takardar. Mu nan ma ba mu da wannan tsarin, sai ranar da wata ƙungiya ta sami kuɗin shirya taro.

Ɗakin haihuwa ya fi damuna, don can ne abin ya fi samunmu. Babba wanda zuciyarsa ta tsaya, sau da yawa kafin a iso da shi daga ƙauye bisa amalanke ko babur lokaci ya ƙure, don ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu jini. Jariri kuwa a hannunmu yake faɗowa. Kusan ɗaya cikin goma yana buƙatar taimako kafin ya ja numfashin farko, kuma minti ɗaya kacal muke da shi: a goge shi sosai, a shafa bayansa, a share hanci da baki in akwai abin da ya toshe, in bai yi kuka ba a yanke cibi a ɗora masa ambu, wato jakar roba mai murfin fuska da ake matsawa don tura iska cikin huhu.

Na cika 'yar tsanar da ruwan ɗumi, ta yi nauyi irin na jariri, na ajiye ta bisa tebur na danna agogo. Abin da ya fara cinye lokaci neman ambu ne. Yana cikin kabad, kabad a kulle, makulli yana aljihun wadda ta tafi karɓo magani. Da aka buɗe, murfin fuska na 'yan bakwaini ba ya ciki. Ƙanwarmu sabuwar ungozoma ta ɗora wanda ya samu, ta matsa, ta sake matsawa, ƙirjin bai motsa ba. Iska tana tsiyaya ta gefen kumatu, ana jin ƙarar fitarta. Ita kuma idonta yana kan jakar da take matsawa, ba kan ƙirjin ba. Ta tanƙware kan jaririn baya da yawa, irin yadda ake yi wa babba, hanyar iskar ta toshe.

Sai Inna ta taso. Ita ce ungozoma mafi daɗewa a cikinmu, kuma ba a ma sa sunanta cikin waɗanda suka je horon ba. Ba ta ce uffan ba. Ta ɗan ɗaga haɓar da yatsu uku, ta zaunar da murfin daga haɓa zuwa karan hanci ba tare da ya taɓa ido ba, ta riƙe shi da babban yatsa da manuni. Matsawa ɗaya ƙirjin ya taso. Ta ci gaba a natse tana ƙirga a hankali, wajen 40 a minti. Da ta gama ta dubi yarinyar ta ce, "'Yata, ƙirji ake kallo. In bai tashi ba, ki gyara murfi, ki gyara kai, ki buɗe baki, sannan ki ƙara ƙarfi." Inna tana yin wannan aikin a kan jarirai na gaske kusan kowane mako, shi ya sa.

Wajen azahar, muna shan fura a ofis, na ba Majo labarin asibitin Haydom da ke karkarar arewacin Tanzaniya. Sun yi horon kwana ɗaya na shirin taimaka wa jarirai su yi numfashi, wanda aka ƙaddamar a 2010. Bayan watanni aka duba, aka tarar ma'aikata sun ƙware a kan 'yar tsana, amma a ɗakin haihuwa babu abin da ya sauya. Sai suka ajiye 'yar tsanar a cikin ɗakin haihuwar, kowa ya riƙa gwadawa na 'yan mintoci a kai a kai. Mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Mutanen su ne, kayan aikin su ne, maimaitawa kawai aka ƙara.

Majo ya yi shiru, sannan ya ce, "Gaskiya ne, amma kin san mutanenmu. In babu pardiyam, kuɗin zuwa taro, wa zai zo?" Raina ya sosu, ko da yake na san daga inda maganar ta fito. Albashi ba ya kai wata, 'yan jikkunan da ake samu a taro su ke toshe wata kafar, ba zan zargi kowa ba. Sai dai a ganina mun bar horo ya zama abin da ake zuwa otal a yi, a ci abinci, a ɗauki hoto. Ni minti goma nake nema, a wurin aiki, lokacin karɓar aiki da safe, ranar Alhamis. Babu mai barin gidansa dominsa. Ya amince, ya kuma ce daga yau ambu ba ya sake kwana cikin kabad. Mun rataye shi a bango saman teburin jarirai, cikin leda mai tsabta, da murfi babba da ƙarami.

Da la'asar na kira Baba maigadi da matar da ke mana shara. Su ne ke fara ganin wanda aka sauke a bakin ƙofa, musamman da dare. Baba ya yi ta nokewa. Ya ce, "Hajiya, in na hau ƙirjin mutum ina dannawa, danginsa za su ce ina wahalar da gawa. In mace ce kuma fa?" Tambayar tana da nauyi, don na sha jin 'yan rakiya suna cewa a bar shi, rai ya yi halinsa, tun ba a taɓa shi ba. Na ce masa, "Baba, rai na Allah ne, amma ba mu san ya fita ba sai mun yi namu. In mace ce, ceton rai ya halatta maka, kuma ka ƙwala mana kira kana yi." Na gaya masa ba sai ya sa baki ba, dannawa kaɗai ta isa har mu iso. Ya tuɓe hularsa ya durƙusa. Hannun manomi ne, zurfin ya fi na kowa daidai, sai dai sauri da na riƙa ja masa da tafi.

Yanzu abin da ke gabana Litinin ce, ranar maida kayan aro. Na rubuta takardar neman a bar mana ko da 'yar tsanar jaririn, gobe Majo zai sa hannu a kai wa hukumar lafiya ta gunduma. Na babba kuwa, direban ambulas ya ce zai yanko mana soson katifa mai tauri, mu naɗe shi cikin tsohuwar riga mu zana inda tafin hannu zai zauna. Ba zai nuna mana zurfi daidai ba, amma zai ishe mu gyaran tsayuwar hannu da ƙirga. Masu kwanan dare ba a gwada su ba tukuna, don haka gobe zan fita da wuri in same su kafin su tashi.