Word, Google Docs ko LibreOffice? Ga yadda na raba gardamar a jami'a

Da na samu laftof a shekarar farko, abokai kowa da shawararsa, wannan ya ce in ba Microsoft Office ba to ba komai, wancan ya ce ai Google Docs ya wadatar, wani ɗan kwamfuta kuma ya dage sai LibreOffice tunda kyauta ce kuma ba ruwanta da intanet. Ni dai na haɗa su duka na yi ta aiki da su har na kai ga furojet, kuma tambaya ɗaya ce ta raba min gardama: wa zai buɗe fayil ɗin in na gama?

In aikin gurup ne wallahi ban ga kamar Google Docs ba. Kowa ya shiga takarda ɗaya ya yi nasa rubutun lokaci guda, babu zancen "turo min na ƙarshe" sannan a sake turo wani na ƙarshen ƙarshe. Kuma akwai tarihin gyare-gyare da ke nuna wa ya rubuta me, da yaushe, to mai laɓewa a gurup ya zo ranar gabatarwa yana cewa ai ya taimaka, sai a buɗe masa kawai. Amma fa in kana son ya yi aiki ba netwok dole ka kunna wannan tsarin tun kana da intanet, ba sai ta ɗauke ba. Sannan ma'ajiyar gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta haɗe yake da Gmail da hotunanka, shi ya sa yake saurin cika.

Furojet kam labarinsa daban. Sufabaiza ɗina docx yake so, wato fayil irin na Word, don yana kunna abin nan mai bin sawun gyara, ya goge nan ya ƙara can da jan rubutu, ya ajiye tsokaci a gefe, kai kuma ka bi ɗaya bayan ɗaya kana amincewa ko kana ƙi. A nan ne na gane dalilin da takarda ke hargitsewa in ta tashi daga wannan kwamfuta zuwa waccan, yawanci salon harafi ne. Ka yi rubutu da Calibri, a buɗe a inda babu shi, sai manhaja ta musanya da wani mai ɗan faɗi, layi ya ture layi, jadawalin da ka sha wuya ka daidaita ya tsallaka shafi na gaba ya bar kanunsa a baya shi kaɗai. Tun daga nan na tsaya kan Times New Roman, shi ma dama sashenmu ya nema, kuma Liberation Serif da ke zuwa da LibreOffice faɗin haruffansu ɗaya ne, shafi ba ya motsi.

LibreOffice ɗin ina ganin mutane na raina ta ba dalili. Tun 2010 take, ta samo asali ne daga OpenOffice, kuma Writer da Calc ɗinta, takwarorin Word da Excel, sun ishe ka kusan duk wani asainmen. Abu ɗaya dai, tana ajiye fayil a nau'inta na odt, sai ka shiga saiti ka mayar da shi docx tun farko ka huta.

Kafin ka sayi Office ko ka bari wani ya ɗora maka na sata, wanda ba ka san me aka cusa a ciki ba, gwada imel ɗin makaranta tukuna. Jami'o'i da dama suna cikin tsarin Microsoft na ɗalibai, haka na samu nawa ban biya komai ba. Ko babu wannan, Word da Excel da PowerPoint na burauza kyauta ne da gigabait 5 a OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, sai dai ba su kai na kan kwamfuta kayan aiki ba.

Abu biyu da suka fi rage min wahala ma ba su damu da wacce ka zaɓa ba. Na farko sanya wa kowane babi salon kanu na manhajar maimakon ka ƙara girman harafi da hannu, sai jerin abubuwan da ke ciki ya fito da kansa har da lambar shafi. Na biyu Zotero, mai tsara manazarta, kyauta ne, yana aiki da Word da LibreOffice da Google Docs duka, ka ce masa salon APA kake so ya jera maka manazarta, in an canza salo ka canza da dannawa ɗaya.

Duk abin da za a buga ko a miƙa na ƙarshe PDF nake mayar da shi, in buɗe in duba shafi-shafi kafin in tura. Kuma kafin a rufe min imel ɗin makaranta bayan kammalawa sai da na kwashe fayilolina kaf zuwa filash da asusuna na kaina, don lasisin ɗalibi da ma'ajiyar duk tare da imel ɗin suke tafiya.